Ɗalibata Ta Faɗi a Aji, Ta Kama Sunan Marainiya

Assalamu alaikum, Hajiya. Ni malama ce a wata ƙaramar sakandaren gwamnati da ke gefen ɗaya daga cikin unguwannin Zango a Kumasi, ƙasar Ghana, shekarata shida ina koyarwa. Ajina ya tara 'ya'yan Hausawa da Dagomba da Asante da Frafra da Mosi, Musulmi da Kirista. Tun da aka dawo hutu, wata ɗalibata 'yar shekara 14 ta faɗi a aji har sau huɗu, tana ihu tana fizge-fizge, muryarta tana sauyawa. A faɗuwa ta uku wasu 'yan mata biyu suka bi ta suka zube. A ta huɗu ta kama sunan wata 'yar ajin, marainiya 'yar shekara 13 da aka kawo daga arewacin Ghana take zaune a hannun gwaggonta, ta ce ita ta kama mata kurwa. Sai ga labari ya ɓulla cewa kakar marainiyar ma an taɓa korarta daga ƙauyensu kan zargin maita. Yanzu babu mai zama benci ɗaya da ita, babu mai karɓar ko alli daga hannunta, kuma iyaye sun zo sun ce ko a kore ta ko su kwashe 'ya'yansu. Malamin kimiyya ya ce duk iskanci ne, bulala ce maganinsa. Wani malami Musulmi yana son a kira mai ruƙiyya a tara yara a fili, wata malama Kirista tana son a kira fastonta, hedimasta kuwa yana son a sallami marainiyar cikin ruwan sanyi don a zauna lafiya. Ni Musulma ce, na yi imani akwai aljanu, kuma ba zan ɓoye miki ba, ni ma wani lokaci gabana yana faɗuwa idan ta kalle ni. Amma idan na hango ta zaune ita kaɗai a ƙarshen aji sai tausayi ya kama ni. Me zan yi?

Malama daga Kumasi

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya kika yi tambaya a lokacin da kowa a makarantarku ya riga ya yanke hukunci. A duk wasiƙarki babu inda ya fi shiga raina kamar inda kika ce ke ma gabanki yana faɗuwa idan yarinyar ta kalle ki, domin da kin ɓoye wannan, da shawarar da zan bayar ta dace da wata mace daban. Ni da ke irin gida ɗaya ya rene mu, gidan da ake hana yaro zubar da ruwan zafi da dare ba tare da bisimilla ba, ake hana shi zama bakin ƙofa da magariba, ake kuma raɗa masa cewa kada ya ci abincin tsohuwa wance. Abin da aka shayar da mutum tun yana goye ba ya fita don ya karɓi takardar kwalejin horon malamai. Kada ki ji kunyar tsoron nan, amma kada ki miƙa masa linzami.

Abu biyu ne suka harɗe a ajinki, kuma in ba a warware su ba, duk zaman da za a yi a ofishin hedimasta zai zama zancen kurame. Akwai zancen shafar aljanu, akwai zancen maita. Wanda ya ce aljani ya shafi 'yarsa magani yake nema, ko na malam ko na fasto ko na likita, kuma ana iya tafiya hanya ɗaya da shi ko da an saɓa a fahimta. Wanda ya ce mayya ta kama 'yarsa kuwa mutum yake nema, mai suna da fuska da gidan da yake kwana. Shi ya sa nake so ki fara daga inda idon jama'a bai kai ba, domin yarinyar da ta fi kowa shiga haɗari a ajin nan ita ce wadda ba ta taɓa faɗuwa ba.

Babu wanda ya ɗora miki yanke hukunci kan gaibu, kuma in kika shiga musun ko akwai mayu ko babu, za ki rasa iyaye da abokan aiki gaba ɗaya, yarinyar kuma tana nan zaune ita kaɗai. Abin da ya kamata malami ya gane shi ne irin tambayar da wannan imanin yake amsa wa mutane. Wani Bature ɗan Ingila mai nazarin al'adu, Evans-Pritchard, ya zauna cikin ƙabilar Azande a yankin da yanzu yake Sudan ta Kudu, ya wallafa bincikensa a 1937. Ya ba da misalin rumbu da ya rufto kan mutanen da ke hutawa a inuwarsa. Azande sun san sarai gara ce ta cinye ƙafafun rumbun, ba sa jayayya a kan haka. Tambayarsu ita ce me ya sa ya faɗi a daidai sa'ar da waɗannan mutanen suke ƙarƙashinsa. Malaminku na kimiyya yana bayanin gara, uwar yarinyar kuwa tana tambayar me ya sa 'yarta ce cikin yara arba'in ko hamsin. Duk wanda ya yi wa wannan tambayar dariya ya rufe ƙofar da za a bi a kai yarinyar asibiti.

Sannan ki tuna cewa yaranki ba labari ɗaya suka zo da shi daga gida ba. A wajenmu Hausawa an ce maye yana da ƙanƙara a ciki, ko ya gada ko ya saya, yana ganin kurwar mutum ya kama ta ya ɓoye, kuma abin da aka saba shi ne a tilasta wa wanda ake zargi ya tsallaka majinyacin don ya saki kurwar. Har a karin magana mun ajiye shi, muna cewa in maye ya manta uwar ɗa ba ta manta ba. Asante suna kiran abin bayie, mai shi kuma obayifo, kuma da yawansu sun ɗauka ana iya ba mutum shi a cikin abinci ko kyauta ba tare da ya sani ba. Daga nan za ki gane dalilin da ya sa yara suka daina karɓar ko alli daga hannun marainiyar. A ƙasar Dagomba da Mamprusi da maƙwabtansu zargin yakan faɗa kan tsofaffin mata, musamman waɗanda mazansu suka rasu, a kai su gaban mai tsafin ƙasa a yanka kaza a duba yadda ta faɗi, kuma ta wannan hanyar ce mata da yawa suka ƙare a matsugunan waɗanda aka kora kan zargin maita da ke Gambaga da Kukuo da Gnani da Kpatinga. Idan labarin kakar gaskiya ne, to yarinyar nan ta riga ta ga abin da zargi yake yi wa gida tun kafin ta iso Kumasi.

Ita kanta faɗuwar ba ma'ana ɗaya take da ita a wajen kowa ba. Ɗan Asante da ya tashi yana ganin okomfo, wato bokan gargajiyarsu, yana rawar tsafi da ake kira akom ya san hawan iska a matsayin kira da ɗaukaka. 'Yan bori a ƙasar Hausa da masu zar, wato irin nasu borin, a Habasha da Sudan da Masar suna neman sulhu da iskar ne ta hanyar kiɗa da girka. A cocin Fentakos ana iya faɗuwa a ce Ruhu Mai Tsarki ne, a kuma faɗi a ce baƙin ruhu ne da sai an fitar. Malamin Zango zai karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi. Hatta Hukumar Lafiya ta Duniya, a jerin cututtukanta, ba ta lissafa hawan iskar da ke cikin ibada ko al'adar da jama'a suka yarda da ita a matsayin cuta, sai wanda ya zo wa mutum ba da sonsa ba yana hana shi rayuwarsa ta yau da kullum, kamar na ɗalibarki. Saboda haka idan malamanku suna jan juna, kowa yana fassara abin da ya gani da harshen gidansu ne, kuma ba lallai ne akwai mugu a cikinsu ba.

Kada kuma wani ya ce miki wannan ciwon baƙar fata ne ko na marasa boko. A 1692, a garin Salem na Amurka, wasu 'yan mata ne suka fara faɗuwa suna ihu suna kama sunayen maƙwabta, kuma kafin ƙurar ta lafa an rataye mutum 19, an danne wani dattijo da duwatsu har ya mutu. Ki duba su wa aka fara kamawa: wata baiwa, wata mabaraciya, da wata dattijuwa mai jinya da ta daina zuwa coci. Bayan shekaru hukumar yankin ta amince an yi zalunci ta biya iyalai diyya, amma wanda ya tafi ya tafi. A Landan, a shekarar 2000, wata yarinya 'yar shekara 8 daga Kodebuwa, Victoria Climbié, ta mutu a hannun masu riƙonta da suke cewa tana da aljani, kuma binciken da gwamnati ta yi ya nuna cewa ma'aikatan asibiti da na jin daɗin jama'a da 'yan sanda sun gan ta sau da dama ba a cece ta ba. A nan gida, a watan Yulin 2020, an lakaɗa wa wata tsohuwa 'yar shekara 90 duka har ta mutu a Kafaba kusa da Salaga, da rana tsaka, mutane suna tsaye suna kallo wasu suna ɗauka da waya, bayan wata mai duba ta nuna ta. A ko'ina aka je, zargin nan yana neman wanda ba shi da gata ne. Ki tambayi kanki ko da 'yar wani babban alhaji ce take zaune a wancan bencin, da an kama sunanta, ko da an kama ma da ya yi kwana biyu a bakin mutane.

To, marainiyar ita ce aikin gobe da safe. Ki sauya wa dukan aji wurin zama, kowa da kowa, don kada a ce ita kaɗai aka taɓa, ki sa ta gaba kusa da teburinki tare da yarinya mai hankali wadda kika riga kika yi magana da ita da uwarta. Ki ce ta miƙo miki alli, ki karɓa da hannunki kamar yadda kike karɓa daga kowa. Ki aike ta ta sayo miki koko da ƙosai a bakin makaranta, ki ci a gabansu ba tare da kin yi wani jawabi ba, domin yara sun fi karanta hannun malama fiye da bakinta. Ki san hanyar da take bi zuwa gida da wanda take tafiya da shi, saboda jifa da ature a lungu ake yin su bayan an tashi. Kada ki yarda, ko da wa ya nema, a sa ta ta tsallaka kowa, ko ta rantse, ko ta sha wani abu, ko a tsayar da ita gaban mutane ana yi mata tambayoyi.

A cikin makon nan ki je gidan gwaggon da kanki, ki je da gaisuwa irin ta mai neman haɗin kai, domin ita ma wataƙila maƙwabta sun fara janye 'ya'yansu daga ƙofarta, kuma mai riƙo da tsoro ya kama yakan huce a kan ɗan riƙo. Ki buɗe ido ki duba ko akwai tabon duka ko ƙuna, ko jan ido irin na hayaƙin barkono, ko an aske mata kai, ko an ware mata kwano, ko ta rame, ko tana kwana a waje. Idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, magana ta wuce ta makaranta. Dokar yara ta Ghana ta 1998 ta hana azabtar da yaro ko wulaƙanta shi ko da da sunan al'ada ne, ta kuma ɗora wa duk wanda ya san ana cutar da yaro ya kai rahoto ga ma'aikatar jin daɗin jama'a. Akwai kuma sashen 'yan sanda na DOVVSU mai kula da cin zarafi a cikin gida, da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ. A watan Yulin 2023 majalisar dokoki ta amince da ƙudurin da ya haramta yi wa mutum zargin maita, shugaban ƙasa na lokacin bai sa masa hannu ba, amma ba ki buƙatar wannan ƙudurin kafin ki kare yarinya 'yar shekara 13.

Wani abu kuma da nake so ki shirya masa shi ne ranar da za a zo a ce miki ai ta amsa da bakinta. Yaron da aka ware, aka yi ta maimaita masa cewa shi maye ne, yakan fara shakkar kansa, ya ɗauki mafarkinsa a matsayin shaida, ko ya amsa don a ƙyale shi ya huta. Margaret Field, wata likitar ƙwaƙwalwa da ta yi bincike a wuraren tsafi na ƙasar Asante a shekarun 1950, ta tarar da mata da yawa suna zuwa da ƙafarsu suna cewa su mayu ne, kuma da ta duba su sai ta ga ciwon matsananciyar damuwa ne yake sa su ɗora wa kansu laifin duk wani abin da ya lalace a dangi. In manya suna haka, ina ga marainiya.

Yanzu mu koma kan mai faɗuwa, wadda ita ma abin tausayi ce, kuma ba na so ki riƙe ta a zuciya don ta kama suna. Bulalar da malamin kimiyya yake so ba ta da wuri a nan. Faɗuwa irin wannan tana iya zama farfaɗiya, tana iya zama zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko ƙarancin jini, ko saukar sukari ga yarinyar da ta fito ba ta karya ba, tana kuma iya zama damuwa ce ta yi wa zuciya yawa har jiki ya ɗauka, kuma wannan ta ƙarshen ma ba ƙarya yarinyar take yi ba. Rarrabe su aikin likita ne, amma likita ba ya ajin lokacin da take faɗuwa, ke ce idonsa. Ki ware littafi ki riƙa rubuta rana da sa'a, da darasin da ake yi, da ko ta ci abinci, da ko tana al'ada, da minti nawa abin ya ɗauka, da ko idonta a buɗe yake ko a rufe, da ko ta ciji harshe ko ta yi fitsari, da ko ta yi barci bayan ta farfaɗo. Da wannan littafin za a je asibitin da ke kusa, in ya cancanta su tura ta babban asibitin Komfo Anokye. Ina yawan tuna wa iyaye masu ɗari-ɗari cewa babban asibitin Kumasi sunan okomfo gare shi, takobinsa ma yana nan kafe a harabar, likitoci kuma suna aikinsu a gefensa shekara da shekaru.

Idan ta sake faɗuwa, ki kawar da benci da duk abin da zai ji mata ciwo, ki sa mata mayafi a ƙarƙashin kai, kada a danne ta, kada a ɗura mata ruwa, in fizgar ta lafa ki kwantar da ita a gefe ɗaya. Idan abin ya wuce minti biyar, ko ya dawo kafin ta farfaɗo, a kira 112 ko a ɗauke ta zuwa asibiti nan take. Kada a sa mata komai a baki. Wannan na faɗa ne da nadama, domin a farkon koyarwata a unguwar Nima ta Accra wani yaro ya faɗi a gabana, yara suka watse suna ihun kada yawunsa ya taɓa su, ni kuma na cusa masa cokali a baki kamar yadda na ga ana yi a gida. Na karya masa haƙorin gaba. Duk lokacin da ya yi murmushi har ya gama makarantar sai na ga aikin hannuna. Daga baya na koyi cewa mai farfaɗiya ba ya haɗiye harshensa, yawunsa kuma ba ya sa wa kowa cutar, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa idan suka samu magani yadda ya kamata.

Ga ɗan'uwanmu malami Musulmi, da ke kanki, akwai abin riƙo a cikin addini. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas labarin matar da ta zo wajen Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ta ce tana faɗuwa kuma jikinta yana buɗewa. Ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da Aljanna ko ya roƙa mata waraka, ta zaɓi haƙuri, ta roƙe shi ya yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa, ya kuwa yi mata. Ba a tara mata jama'a ba, ba a nemi wanda ya yi mata ba, abin da ya dame ta shi ne sutura. Saboda haka ki ajiye zane a durowarki, ki fitar da sauran yara waje da zarar ta faɗi, kuma kada a bar ko malami ya ɗaga waya don ɗaukar hotonta. Ibnul Ƙayyim, wanda ya yarda da shafar aljanu ƙwarai, shi da kansa ya kasa faɗuwa gida biyu, ya ce akwai ta iskoki akwai kuma ta lalurar jiki wadda likitoci suke magana a kai. Kai yarinya asibiti bai rage wa kowa imani ba.

Ga kuma maganar da nake so ki riƙe da kyau, domin ita ce za ta yi miki aiki a gaban kowane ɓangare. Sunan da aka kama a cikin faɗuwa ba shaida ba ne ta kowace fuska aka duba. Idan ciwo ne ya yi magana, to ba a hukunta mutum da sambatun majinyaci. Idan kuma aljani ne ya yi magana kamar yadda iyaye suka ɗauka, to malaman ruƙiyya na kirki su ne kan gaba wajen cewa shaiɗani maƙaryaci ne, burinsa ya haɗa mutane faɗa. Suratul Hujurat, aya ta 6, ta ce a bincika labarin da fasiƙi ya kawo don kada a cutar da wasu cikin jahilci, aya ta 12 kuma ta hana yawan zato. Fasto ma ba zai musa miki cewa Iblis uban ƙarya ne ba. Kin ga ke nan malamin kimiyya da mai son ruƙiyya da mai son fasto duk suna iya tsayawa a wuri ɗaya ba tare da wani ya bar abin da ya yi imani da shi ba.

Ruƙiyya ko addu'ar coci haƙƙin iyayen mai faɗuwa ne, su yi wa 'yarsu a gida ko inda suka amince, kuma ba ruwanki da hana su. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a tara yaran makarantar gwamnati a fili a yi ta a kansu, domin iyayen wani addinin ba su ba da izini ba, kuma taro irin wannan shi ne yake ƙara yawan masu faɗuwa. A 1962, a makarantar kwana ta 'yan mata a Kashasha da ke Tanzaniya ta yau, dariya da kuka sun kama 'yan mata uku, suka bazu har suka shafi 95 cikin ɗalibai 159, aka rufe makarantar, kuma gwaje-gwaje ba su gano wata guba ko ƙwayar cuta ba. Tsoro yana yaɗuwa ta ido da kunne, musamman tsakanin ƙawaye, kuma ina kyautata zaton abin da ya samu 'yan mata biyun da suka bi ta ke nan. A raba su ɗaki daban-daban, a ba su ruwa da iska da magana mai sanyi, su ma a duba lafiyarsu. Ki kuma shawarci iyaye da ladabi cewa duk mai maganin da ya ce a yi duka, ko hayaƙin barkono, ko ɗauri, ko hana abinci, ko ya keɓe da yarinya shi kaɗai, ko ya ce a daina maganin asibiti, ko ya nuna wani mutum, to a tashi a bar wurinsa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2012 kan masu taɓin hankali da aka ɗaure da sarƙa a wasu sansanonin addu'a a ƙasar nan, don haka wannan gargaɗin ya shafi kowane ɓangare.

Wata rana da hankalinta yake kwance, ki zauna da mai faɗuwar ku biyu, ko tare da malamar da ke ba ɗalibai shawara in kuna da ita. Kada ki tambaye ta me ya sa ta kama sunan wance. Ki tambaye ta ƙarfe nawa take tashi, tallan me take yi kafin ta zo, wa yake kwana a ɗakinsu, ko an fara yi mata zancen aure, ko akwai wanda take tsoron haɗuwa da shi a hanya ko a gida. Sau da yawa yarinyar da ba ta da bakin faɗin abin da ke damunta jikinta ne yake faɗa mata, kuma idan ta gaya miki abin da ya fi ƙarfinki, ita ma hanyar jami'an jin daɗin jama'a a buɗe take gare ta.

Iyaye kuwa kada ki fara haɗuwa da su a taron jama'a, domin a taro kowa yana magana ne don maƙwabcinsa ya ji. Ki fara da uwar mai faɗuwa, a ɗakinta, ki ce mata, "Hajiya, na ga wahalar da yarinyar nan take sha da idona, kuma ta hana ni barci. Ku ci gaba da addu'a, Allah ya karɓa, mu kuma mu haɗa da asibiti, ni zan raka ku." Uwar da ta ga an ɗauki ciwon 'yarta da muhimmanci ba ta cika nacewa kan 'yar wani ba. Daga nan ki nemi limamin unguwa da magajiya shugabar matan unguwa da sarkin Zangon yankinku, da faston da iyaye Kirista suke jin maganarsa, amma ki fara jin ra'ayin kowannensu a keɓe kafin ki gayyace shi, don kada ki kira wanda zai ƙara wa wuta fetur. Huɗuba ɗaya ta Juma'a a kan zato da ƙazafi da haƙƙin maraya, ba tare da an ambaci makaranta ko yarinya ba, tana iya yin abin da taron iyaye uku ba zai yi ba.

Shi ma hedimasta ki yi masa uzuri, domin shi iyaye suke tsayawa a kansa, kuma raguwar ɗalibai shi za a tambaya. Ki same shi shi kaɗai, ki nuna masa cewa idan aka sallami yarinyar nan kuma ɗayar ta sake faɗuwa, za a kama wani sunan, wataƙila na malama, kuma ranar ba shi da bakin cewa a'a. Ki roƙe shi ya tara malamai a amince da abin da za a riƙa yi duk ranar da yaro ya faɗi, a rubuta a manna a ofis, ba tare da an tambayi kowa abin da ya yi imani da shi ba. Idan ya nace kan sallama, ki ce masa cikin girmamawa ya rubuta dalilin a takarda ya sa hannu, za ki ga alƙalamin ya yi masa nauyi. In hakan bai yi ba, ofishin ilimi na gundumarku yana da jami'in da ke kula da makarantun shiyyarku da jami'ar ilimin 'ya'ya mata, kuma littafin da kike rubutawa shi zai tsaya miki a gabansu. Sauya wa marainiyar makaranta ina ajiye shi ne a ƙarshe, sai idan an ga lafiyarta ko ranta na cikin haɗari, kuma a yi shi da sanin gwaggonta da jami'an jin daɗin jama'a, da takarda mai tsabta wadda ba ta ɗauke da ko kalma ɗaya ta wannan zancen, zuwa unguwar da labarin bai riga ta isa ba.

Sauran yaran ajin ki koya musu yadda ake taimakon wanda ya faɗi, su gwada a junansu, ki ba kowa aikinsa, wannan ya kira malami, wancan ya matsar da benci, waccan ta ɗauko zane, domin yaron da yake da abin yi ba ya tsayawa ihu. Ki kafa doka cewa a ajinki ba a kiran kowa maye ko mayya ko obayifo, ko da wasa. Ke kuma, idan gabanki ya faɗi da ta kalle ki, ki karanta abin da kika saba karantawa a zuciyarki, sannan ki kira sunanta ki ce ta zo allo ta yi lissafi.

Ki rubuto mini bayan mako uku, Malama, ki gaya mini abin da likita ya ce, da yadda kika samu gidan gwaggon, da kuma yarinyar da ta fara komawa benci ɗaya da ita.